Fentin Ruwa da Zanen Littattafan Yara a Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina zana hotunan littattafan yara da fentin ruwa a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidanmu a Agege, kuma da wuya mutum ya leƙo ya tarar da ni a kan aiki bai yi tambaya ba, tun daga malaman Islamiyya masu son a ƙawata musu littafin koyon karatu har zuwa samari da 'yan mata da suka iya zane da biro suna neman hanyar da za su bi. Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tattara a nan, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya koya.

Mene ne fentin ruwa, kuma me ya raba shi da sauran fenti?

Fentin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, aka kwaɓa shi da ƙaro, wanda shi ne ke riƙe garin a jikin takarda bayan ruwa ya bushe. Wannan ƙaro na gida ne, domin shi ake tsinka a jikin itacen dakwara a Yobe da Borno da Jigawa, kodayake Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi. Ana kwasarsa a buhuna zuwa ƙetare, ya dawo mana a cikin 'yan bututai masu tsada. Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san halin wannan fenti ko da bai taɓa riƙe buroshi ba, saboda tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro 'yar'uwarsa ce, kuma abin da ke sa tawada ta wanku daga allo shi ne ke sa fentin ruwa ya sake narkewa idan jiƙaƙƙen buroshi ya bi ta kansa.

Abin da ya raba shi da fentin mai shi ne shara-shara ne, ana hango takarda ta cikinsa. Mai fentin mai yana iya shafa fari a kan baƙi ya rufe kuskurensa, amma mai fentin ruwa ba shi da wani fari sai farin takarda. Idan farar riga kake so, ko hasken rana a jikin kwano, dole ne ka kewaye wurin ka bar shi tun daga shafin farko, sannan ka tafi daga launi mai haske zuwa mai duhu. Wannan ya sa mafi yawan aikin yake ƙarewa a ido da fensir kafin a buɗe akwatin fenti.

Waɗanne kaya zan fara saya idan kuɗina kaɗan ne?

Ka zuba mafi yawan kuɗin a takarda. Ana auna nauyinta da giram a kowace murabba'in mita, kuma waɗanda aka fi samu su ne mai 190 da mai 300 da mai 640. Mai 300 ita ce ta aikin yau da kullum, mai 190 tana lanƙwashewa da ta sha ruwa, mai 640 kuwa kamar kwali take, ga tsada. Wadda aka yi da auduga, irin ta Arches ta Faransa ko wasu nau'o'in Fabriano ta Italiya, tana shan ruwa a hankali kuma tana jure goge-goge, saɓanin ta ɓawon itace wadda fenti ke zama a samanta ya bushe da tabo. Fuskar takarda ma iri uku ce, akwai mai santsi da mai ɗan kaushi da mai kaushi sosai. Don aikin littafi na fi son mai santsi ko mai ɗan kaushi, domin na'urar sikanin tana kama ramukan mai kaushi su fito kamar ƙuraje a fuskar yaro.

Buroshi uku masu tsini sun isa, lamba 4 da 8 da 12. Wasu 'yan'uwa kan ji tsoron gashin alade, kuma gaskiya ne ana yin buroshi da shi, amma masu tauri ne na fentin mai. Fentin ruwa buroshi mai laushi yake so, na roba kuma yana aiki lafiya lau. A fenti, launi shida daga jerin masu koyo, irin Cotman na kamfanin Winsor & Newton, sun fi akwati mai launi 36 na 'yan firamare: rawaya biyu, ja biyu, shuɗi biyu, a ƙara da ruwan ƙasa idan da hali. Sai fensir HB da 2B, magogi mai laushi, farin faranti don haɗa launi, da kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi. Shagunan kayan zane da ke kewayen Yaba ne wurin farawa. Ba zan ambaci farashi ba, tunda yana bin dala.

Yaya laimar Legas ke shafar aikin?

Wannan ita ce tambayar da littattafan koyon zane da aka rubuta a Ingila ba za su amsa maka ba. A damina, musamman a watan Yuni da ruwa ya fi yawa, laimar iska a Legas takan haura kashi 80 cikin 100, don haka shafin da zai bushe cikin 'yan mintoci a Kano yana iya ɗaukar ninkin-ba-ninkin haka a nan. Akwai alheri a ciki, domin sama da gajimare da ruwan lagun duk suna son takarda ta daɗe a jiƙe launuka su shiga juna da kansu, kuma ban taɓa samun sararin sama mai taushi a hunturun Arewa kamar yadda nake samu a Agege ba. A can, kafin buroshi ya kai ƙarshen takarda farkon ya bushe ya bar layi.

Illar kuwa gaggawa ce ke jawo ta. Wata rana na zana hadari ya haɗo a kan gadar Third Mainland don shafi biyu masu fuskantar juna, na duba da ido na ga kamar ya bushe, na ɗora launi na biyu, sai na ƙasan ya tashi suka cakuɗe suka zama ruwan kwata. Aikin kwana biyu ya tafi a banza. Tun daga ranar ban ƙara yarda da ido ba, bayan hannu nake ɗorawa a kan takardar, idan na ji sanyi to akwai sauran ruwa a cikinta. Na'urar busar da gashi tana taimakawa idan akwai wuta, idan an ɗauke kuma sai in ajiye wannan shafi in ɗauki wani, shi ya sa nake aikin shafi uku a lokaci guda.

Sauran masifun na ajiya ne. Na taɓa rufe akwatin fenti da danshinsa na tafi gida Sallah, na dawo na tarar fumfuna ta yi masa gemu. Fentin da ake haɗawa da zuma, kamar na Sennelier, ba ya bushewa sosai a laima, yana nan da danƙo yana kiran tururuwa. Kyankyaso ma yana son ƙaro, ya taɓa bin wani zane nawa cikin dare ya lashe rawayar jikin motar haya ta danfo ya bar fararen hanyoyi. Takarda ita ma tana tsufa, domin sinadarin da aka shafa mata don kada ta sha ruwa da yawa yana lalacewa a laima, sai ka ga fenti ya nutse ya yi dabbare-dabbare. Ina ajiye takarduna a leda mai rufi tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma ba na sayen fiye da abin da zan ƙarar a wata shida.

Idan marubuci ya ba ka labari, daga ina kake farawa?

Daga ƙirga shafuka. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, dalili kuwa na madaba'a ne: ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, a ninke ta ta ba da 8 ko 16, saboda haka 24 da 32 da 40 su ne lissafin da ba ya ɓarnar takarda. Idan aka cire shafin suna da na bayanin haƙƙin mallaka da na sadaukarwa, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 14 ba, wato shafuka bibbiyu masu fuskantar juna.

Nakan zana 'yan akwatuna kamar girman kwalin ashana a takarda ɗaya, in raba labarin a cikinsu da zanen da bai wuce ƙwarangwal ba. Daga nan sai in ninke farar takarda 8 gida biyu, in ɗinke tsakiya, ta zama littafin gwaji mai shafi 32, in manna rubutun in zana da fensir, in karanta da ƙarfi ina juya shafi kamar yadda uwa za ta karanta wa ɗanta. A nan ake gane inda labari ya yi nauyi da inda ya yi tsalle. Abin mamaki a labari, kamar abin da ke cikin buhun da aka sauke, ana ɓoye shi sai an juya shafi. A littafin boko motsi yana tafiya daga hagu zuwa dama, don haka yaron da ke gudu zuwa gaba dama yake fuskanta, amma idan littafin na ajami ne ko na Larabci sai a juya komai, kuma na ga wanda ya manta da wannan har jaruminsa ya zama kamar gida yake komawa daga farkon littafi zuwa ƙarshe.

Hoto kuma bai kamata ya maimaita rubutu ba. Idan marubuci ya ce yarinya ta tafi aike, ni ne zan nuna cewa ta saka takalmin yayarta kuma akuya na bin ledar da ke hannunta.

Me ya sa kake fita zane a titi, alhali akwai hotuna a intanet?

Saboda abin da ke intanet kowa ya gani, kuma babu yaranmu a ciki yadda suke. Sau da yawa marubuci kan kawo mini labari ya ce in zana ƙauye da rumbu da bukka, alhali yaran da za su karanta an haife su a Idi-Araba ko Agege ko Obalende, sun fi sanin danfo mai rawaya da baƙin layi fiye da jaki, suna jin Yarbanci a makaranta su dawo gida su yi Hausa. Ba na ƙin zana ƙauye idan labarin can ya faru, amma ina ganin yaron da aka haifa a Legas ya cancanci ya buɗe littafi ya ga layinsu, da mai shayin bakin masallaci, da mai turin kurar ruwa, da kwatar da yake tsallakewa kullum.

Ina yawo da ƙaramin littafin zane da fensir 2B da ɗan akwatin fenti da ke shiga aljihu. Mutum mai motsi ba ya ba ka fiye da daƙiƙa 30, saboda haka nakan fara da layin ƙashin baya da inda nauyin jiki ya sauka, fuska ta zo daga baya ko ma kada ta zo. Launi ba na shafa shi duka a wurin, ɗigo nake yi a gefe in rubuta abin da na gani, misali cewa inuwar rumfar leda shuɗiya ta sauka a kan tumatir ta mai da shi ruwan makuba.

Sallama da neman izini wajibi ne, yara kuwa ba na zana su sai da yardar iyayensu. Wata safiya a kasuwar Mile 12 na durƙusa na gaida wani dattijo mai albasa, na ce, "Baba, idan ka yarda ina so in zana hannunka yadda kake ware albasa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, hannu kawai? Fuskar ba ta yi maka ba?" Ya sa aka ba ni benci. Da na gama na miƙa masa, bai ce komai a kan hannun ba, ya ɗora yatsa a kan buhun da na zana a bayansa ya ce, "Wannan ɗaurin naka ba zai kai Ojota ba albasa za ta zube." Ya kira yaronsa ya ɗinke bakin buhu a gabana da basilla, na sake zanawa. Wannan buhu ya shiga littafi, kuma da ɗinkin Baba ya shiga.

Yaya ake sa fuskar yaro ɗaya ta zauna iri ɗaya a duk shafuka?

Da maimaici. Kafin in taɓa takarda mai tsada nakan zana jarumin sau da dama, ta gaba da ta gefe da ta baya, yana dariya, yana kuka, yana tsugune. Tsayin babba kusan kai bakwai da rabi ne idan aka auna da kansa, ƙaramin yaro kuwa huɗu zuwa biyar, kuma idanunsa suna ƙasa-ƙasa a fuska, goshi ya yi faɗi. Wanda ya manta da wannan zai zana gajeren dattijo ya kira shi yaro. Nakan kuma ba jarumin alama guda da ba ta sauyawa, kamar wushirya ko hular da ta yi masa yawa, in rubuta haɗin launin kayansa a kati in manna a bango.

Yaya ake haɗa launin fatarmu?

Kada ka taɓa baƙin fenti, yana kashe fuska. Ni nakan haɗa jar ƙasar da ake rubuta Burnt Sienna a jikinta da shuɗin Ultramarine, in ƙara ɗan ja mai ruwan hoda a kumatu da leɓe da gaɓoɓin yatsu. Idan wankan tarwaɗa ne sai jar ƙasar ta rinjaya tare da 'yar rawayar ƙasa ta Yellow Ochre, idan mai duhu ne sai a ƙara shuɗi. Ana shafawa siriri-siriri sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba, a bar goshi da karan hanci da haske, wanda a fata mai duhu sau da yawa shuɗi-shuɗi ne saboda sama yake ɗaukowa. Ka tsaya kafin ka kai duhun da kake so, domin injin buga littafi yana ƙara duhu, musamman a takarda marar sheƙi, kuma ba abin takaici kamar ka ga idanun yaro da murmushinsa sun nutse.

Idan aka yi kuskure fa?

Idan da danshi, a danna tsumma mai tsabta a ɗauke. Idan ya bushe, a jiƙa wurin da buroshi a goga a hankali a tsotse, sai dai wasu launuka, irin shuɗin Phthalo, rini suke yi ba sa fita. Ƙaramin tabo ana rufe shi da farin fenti mai kauri ko a gyara a kwamfuta. Fuskar da ta lalace kuwa sake shafin ya fi sauri.

Yaya zanen ke zuwa madaba'a?

Ana sikanin ɗinsa da ɗigo 300 a kowane inci, ko 600 idan za a ƙara masa girma. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, injin madaba'a kuwa da tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, saboda haka wasu launuka masu ƙyalli, musamman shuɗi mai zurfi da ruwan lemo, sukan dusashe. Idan hoto zai cika shafi, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, kuma kada a sa fuska a tsakiyar buɗi inda ɗinki zai cinye ta. Ba a rubutu a jikin zanen, ana barin fili mai haske a ɗora rubutun a kwamfuta.

Shomolu ita ce cibiyar masu buga littattafai a Legas, kuma duk wanda zai kai aiki can ya nemi a buga masa gwaji ya duba da idonsa kafin a saki injin. Mu Hausawa muna da ƙarin abin dubawa, wato haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon haruffa ba su da su, ma'aikacin da ba ya jin Hausa kuma ba zai lura sun koma akwatuna ko sun zube ba. An taɓa buga mana littafi inda ƙofa ta zama ofa a shafuka huɗu.

Zanen abu mai rai bai saɓa wa addini ba?

Ni mai zane ne, ba na ba da fatawa. Malamai sun yi saɓani, wasu sun tsananta, wasu sun yi sauƙi a kan abin da aka yi don koyar da yara, suna kafa hujja da 'yartsanar da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da ita. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Na yi wa makarantun Islamiyya aikin da babu fuska ko ɗaya a ciki, sai itatuwa da jiragen ruwa da kayan kasuwa da ado irin na zayyanar allo, kuma yara sun so shi.

Sai na yi makaranta kafin in iya?

Makaranta tana gajarta hanya. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, tana da sashen zane da ɗab'i, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello. Tsakanin Legas da Zariya akwai tsohuwar alaƙa a wannan fage, domin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 sun haɗa da Yusuf Grillo, ɗan Legas wanda ya dawo ya daɗe yana shugabantar sashen zane a Yaba, da Bruce Onobrakpeya, wanda ya zana hotunan littattafai da dama. Abin da suka yi kira a kai shi ne mai zane ya ɗauki dabarar waje ya yi aiki da abin gidansu. Wanda bai samu makaranta ba ya zana kullum, ya je Gidan Tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ya zauna gaban kaya ya kwafa, ya kuma halarci bikin littattafai da zane na Legas da aka fara a 1999, wanda ake yi a filin shaƙatawa na Freedom Park a watan Nuwamba, inda ake haɗuwa da marubuta da masu wallafa.

Hotunan na wa ne bayan an biya, kuma yaya ake biyan?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare zane tsawon ran mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma sayar da haƙƙin kacokan sai a rubuce. Takardar da fenti ke kai daban, izinin bugawa daban, saboda haka a fayyace a yarjejeniya ko za a dawo maka da zanenka, da harsunan da aka yarda a buga, da cewa sunanka zai fito a bango. Na koyi wannan ne bayan wani mai wallafa ya sake buga aikina da wani harshe ba tare da sunana ba, kuma ba ni da takardar da zan nuna. Yanzu kashi uku nake karɓa, kafin alƙalami, da bayan an amince da littafin gwaji, da ranar miƙa aiki. Gyara kyauta a matakin fensir yake ƙarewa, wanda ya sauya ra'ayi bayan fenti ya sauka zai biya kuɗin sabon shafi, har da kuɗin takardar.